Karce ne ko tsagewa? Ku taya ni duba mandolin ɗin nan kafin in tura kuɗi

Ɗan Kabala: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Shekara shida ina kaɗa jita a situdiyo nan Kaduna, amma tun bara raina ya biya da mandolin, ɗan ƙaramin kayan kiɗan nan mai tsirkiya takwas, saboda akwai wani siririn zaƙi da nake so in riƙa ɗorawa a kan kiɗa wanda fiyano ba ya ba ni. Na zaga shagunan kayan kiɗa, abin da na tarar na filawud ne masu sheƙi kamar motar amarya, ka kaɗa ka ji kamar gwangwani. To jiya na ci karo da wani na hannu a Reverb, shafin cinikin kayan kiɗa na intanet, wani mutum ne a Amurka yake sayarwa. Samfurin A ne, mai siffar ɗigon ruwa, fuskarsa sassaƙaƙƙen katakon sifurus, baya da gefe mefil, ya kai shekara 10. Dala 520 ya sa, har da akwatinsa. Hoto bakwai ya ɗora, ga abin da na gani: ƙasan tsirkiya duk ya kakkarce, akwai wuri kamar faɗin kwabo inda banish, wato fentin da ke sa katako sheƙi, ya goge sarai, bayan wuya ma ya goge har katako ya fito, a gefe akwai ɗan lotsawa ɗaya. Sai kuma wani layi siriri kamar gashi, bai wuce santimita 4 ba, ya taso daga gindin ɗaya daga ramukan sauti biyu na fuskar, na ɓangaren ƙananan tsirkiya, ya nufi ƙasa. Mutumin ya rubuta wai duk tabon fenti ne, ba abin da ya taɓa lafiyar kayan. In saya ko in haƙura?

Mai Gurmi: Wa alaikumus salam. Dala 520 a kan abu mai faso? Kawo kuɗin in haɗa maka gurmi ashirin, kowanne da sabuwar fata.

Ɗan Kabala: Oga Mai Gurmi, don Allah yau dai a bar ni in ji ta bakin masana.

Baba Kafinta: Yaro, cikin abubuwa biyar ɗin da ka lissafa, huɗu ba su dame ni ba ko kaɗan. Na biyar ɗin shi ne maganar. Shekara da shekaru ina gyaran jita da biyolin na 'yan coci da 'yan makaranta a nan Jos, kuma abin da na fara koya shi ne katako ba ya tsagewa yadda ya ga dama, jijiyarsa yake bi. A fuskar mandolin jijiyar daga wuya take tafiya zuwa gindi, a miƙe. Shi kuwa fenti idan ya dare, ba ruwansa da jijiya. Zai karkace, ya gitta, ya yi rassa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, za ka gan su da yawa kamar ƙasan tabki idan ya ƙafe. Kai kuma ka ce layi ɗaya ne tilo, a miƙe, kuma daga bakin rami ya taso. Bakin ramin nan shi ne wuri mafi rauni a fuskar gaba ɗaya, domin nan aka yanke jijiyar. Ban ce tsagewa ce ba. Na ce kada ka yarda da bakin mai kaya sai ka gani.

Ɗan Kabala: To Baba, ta yaya zan gani alhali kayan yana wata duniya?

Baba Kafinta: Ka sa shi ya yi maka aiki uku. Na farko ya shiga ɗaki ya kashe wuta, ya haska tocilan waya ta ɗaya ramin, ya ɗauki hoton wurin layin daga waje. In tsagar a buɗe take, haske zai leƙo. Na biyu ya kai kayan bakin taga, ya kwantar da shi yadda haske zai zo ta gefe, ba ta sama ba, sannan ya ɗauka. Hasken da ya zo a kwance shi ne yake tona asirin tudu da kwari, in gefe ɗaya na layin ya ɗara ɗaya tsawo ko da kaurin takarda ne, inuwa za ta nuna. Na uku, in yana da ɗan madubin nan irin na masu cire haƙori, ya zura ta rami ya ɗauko mana cikin. Fenti a waje kawai yake. Duk layin da ka gan shi ta ciki, to katako ne ya tsage, magana ta ƙare.

Maman Iman: Ni ban san kiɗa ba, mijina ne ya jawo ni gidan nan, amma na san kayan hannu, domin shekara 14 ina ɗaure da kwance dilar gwanjo a Ƙofar Wambai kafin in koma sayarwa ta waya. Ƙanena, kai kana kallon hotuna bakwai da ya ɗora, ni kuwa wanda bai ɗora ba nake nema. Akwai hoton bayan kan, inda kunnuwan ɗaure tsirkiya suke? Akwai na inda wuya ya haɗu da jiki? Akwai wanda aka ɗauka ta gefe? Mai kaya ya fi kowa sanin inda aibinsa yake, kuma kyamara ba ta zuwa wurin da kanta. Ni idan riga tana da ɗigon biro, shi nake fara ɗauka, in ajiye kwabo kusa da shi don a ga girmansa. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, don na gaji da rigimar mayar da kaya ne.

Ɗan Kabala: Anti, yanzu na koma na duba. Babu na gefe, babu na mahaɗar wuya. Na bayan kan akwai, lafiya lau yake.

Maman Iman: To ka gani.

Kawu Na Ohayo: Salamu alaikum. Yanzu na taso daga aiki na tarar da zancen. Ni a Kolombus nake, nan Amurka, kuma na ɗan jima ina zama da masu kiɗan bulugiras, wani salon kiɗan karkara na ƙasar nan, inda mandolin yake da sarauta. Ɗana, bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Gogewar bayan wuyan nan da ka lissafa a cikin aibi, a nan akwai waɗanda suke biyan mai gyara ya kankare musu shi da gangan, domin hannu ya fi santsi a kan tsurar katako, ba ya kamawa idan aka yi gumi. Wurin da ya goge kamar kwabo kuwa, ɗan ƙaramin yatsa ne ake kafawa a nan lokacin kaɗawa. Wato kayan ya sha hannu. Kuma mutum ba ya shekara 10 yana rungumar abin da ba ya masa daɗin kunne.

Mandolin ɗin da ya fi kowanne suna a ƙasar nan shi ne na Bill Monroe, uban kiɗan bulugiras, samfurin F-5 na kamfanin Gibson wanda injiniyansu Lloyd Loar ya sa wa hannu a 1923. A shagon aski ya gan shi a Fulorida a shekarun 1940 ya saya, na hannu. Daga baya ya yi fushi da wani gyara da kamfanin ya yi masa, ya sa wuƙa ya ƙwaƙule sunan Gibson daga kan, ya ci gaba da hawa dandali da shi a haka shekara da shekaru. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa shi da ƙarfen tona wuta, mai gyara na Gibson, Charlie Derrington, ya zauna ya harhaɗa ɗaruruwan gutsattsari da gam, Monroe ya koma kaɗa abinsa. Yau yana ajiye a gidan tarihin kiɗan kantiri da ke Nashbil. Har ta kai Gibson da kansu sun riƙa fitar da sababbi waɗanda aka tsufar da gangan, da karce da gogewa, kuma ba su fi masu sheƙin araha ba.

Maman Iman: Kawu, da girmanka, wannan labarin masu kuɗi ne. Tabon da ke jikin kayan Monroe sunan Monroe ne yake sayar da shi. Tabon da ke jikin na ƙanena na wa ne? Ran da ya matsu ya kai shi kasuwa a Kaduna, wa zai tsaya ya ji tarihin ƙaramin yatsa? Cewa za a yi tsoho ne, a taya shi rabin kuɗi. Ido ma yana da hakkinsa. Ko da tabon bai taɓa sauti ba, ya taɓa farashi, saboda haka dole a rage masa tun yanzu. Kuma ni a sanina, wanda ya bar kaya ya lotsa a waje, ba lallai ne ya kula da cikinsa ba.

Kawu Na Ohayo: Hajiya, a kan farashi na ba ki gaskiya ɗari bisa ɗari. A kan maganarki ta ƙarshe ce muka rabu. Tabo iri biyu ne, akwai na aiki, akwai na sakaci, kuma ba wuri ɗaya suke fitowa ba. Na aiki yana inda jiki yake taɓawa: ƙasan tsirkiya, gefen da damtse yake kwanciya, bayan wuya, bayan jiki inda maɓallin riga ko kan bel yake gurza, da ƙananan ramuka a kan firet biyar na farko, wato 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuya. Na sakaci kuwa shi ne tsatsa a ƙarfen gindi da kunnuwa, shatin ruwa a cikin akwati, fumfuna, banish da ya yi ƙuraje saboda an bar shi a mota cikin rana. Wannan na ƙarshen shi nake gudu, domin zafin da ya tafasa fenti ya riga ya sassauta gam ɗin da ke riƙe da wuya da sandunan ciki. Lotsawa ɗaya a shekara 10 ba sakaci ba ne, ko ɗan da ka haifa ka taɓa buga kansa da ƙofa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne tsohon kaya mai ƙyalli kamar yau aka fito da shi. Ko dai ba ya kaɗuwa aka jefa shi ƙarƙashin gado, ko kuma an sake masa fenti. Sabon fenti mai kauri yana danne sauti, yana rufe tsohon gyara, kuma a wurin masu tara tsofaffin kaya yana karya daraja ƙwarai. Kyan ɗan maciji ke nan.

Baba Kafinta: Wannan haka yake. An sha kawo mini jita an fesa mata fentin mota, sai na kankare in tarar da fotin gyaran mota a cikin tsaga.

Mai Gurmi: Ni fa har yanzu mamaki nake. Kun yi awa biyu kuna zancen fatar abu, ba wanda ya ce a ji muryarsa. Mu idan za mu sayi gurmi ko garaya, ba ma tambayar ko ƙoƙon ya karce. Ɗauka muke mu kaɗa, in ya amsa, shi ke nan. Wannan naku cinikin biri a sama ne.

Ɗan Kabala: Ya ɗora bidiyo na daƙiƙa 40, kuma sautin ya yi mini daɗi.

Mai Gurmi: Shi ya zaɓi abin da zai kaɗa ai. Ni ma in ka ba ni gurmin da ke da amo a wuri ɗaya, zan yi maka waƙa guda ban taɓa wurin ba. Ka ce ya bi kowace tsirkiya daga sama har ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba kari ba salo. In akwai inda yake zizar ƙudan zuma, a nan za ka ji.

Kawu Na Ohayo: Yau dai Mai Gurmi ya yi magana mai nauyi. Ka ƙara da hoton jaki ta gefe, wato ɗan katakon da tsirkiya take hawa a kan fuska. Mandolin tsirkiya takwas ne, bibbiyu, saitinsu irin na biyolin, kuma idan matsakaita ne aka ɗaure, jansu gaba ɗaya yana kai wajen kilo 80. Wani kaso na wannan nauyin yana danna jaki a kan fuskar da kaurinta 'yan milimita ne. Jakin ba a manne yake ba, matsin tsirkiya ne ya riƙe shi, kuma yana da ƙananan tayoyi biyu na ɗagawa da saukewa. In ka ga an murɗa tayoyin sun yi sama sosai har ƙusoshin sun fito tsirara, wataƙila fuskar ce ta fara lotsawa ake bin ta. In kuma an sauke su har ƙasa amma duk da haka tsirkiya ta yi nisa da wuya, to wuyan ne ya fara tasowa. Ya sa rula a firet na 12 ya ɗauka. Milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba laifi. Waɗannan biyun, lotsawar fuska da tasowar wuya, su ne cutar da ke kashe mandolin, kuma ba ɗayansu da yake fitowa a hoton gaba mai kyau.

Ɗan Gadarif: Gaisuwa ga kowa daga Sudan. Mu a nan mandolin ba baƙo ba ne, ana jin sa a waƙoƙinmu tun muna yara. Zan ba ku labarin wautata don wani ya tsira. Shekarun baya na sa wani ɗan'uwa ya sayo mini irin na Italiya mai ƙoƙon baya, salon Napoli, wanda ake haɗa bayansa da siraran katako kamar haƙarƙari. A hoto ba ka taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, an yi masa ado da ɓawon kifin teku har da malam buɗe littafi a fuska, ko karce ɗaya babu, kuma da araha. Da ya iso sai na tarar tsirkiya ta yi sama, yatsa yana shiga tsakaninta da wuya. Irin waɗannan tsofaffin ba su da sandar ƙarfe a cikin wuya, don siraran tsirkiya aka yi su, wani kuma ya ɗaura masa masu kauri ya bar shi shekaru. Mai gyara ya ce kuɗin aikin ya fi kuɗin kayan. Yana nan rataye a bango, baƙi suna yaba shi. Da na samu mai faso irin naka wanda yake kaɗuwa, da na yi musaya ban ƙara ko tambaya ba.

Baba Kafinta: Allah ya kawo muku zaman lafiya a ƙasarku, ɗana. Araha ba ta ado.

Ɗan Gadarif: Amin Baba. Wannan dai ta yi adon, kiɗan ne ba ta yi ba.

Badamagare: Ɗan ƙarin bayani kawai, tunda mu nan Nijar ta wajen Faransa da Aljeriya kaya suka fi zuwa mana. Wanda zai nema a shafukan Faransanci ya lura, akwai mandol na Aljeriya da ake kiɗan sha'abi da shi. Sunan ya yi kama, amma ya fi mandolin girma da tsawon wuya nesa ba kusa ba. A hoto ba ka gane girma. Ka tambayi tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki, na mandolin wajen santimita 33 zuwa 35 ne.

Baba Kafinta: Akwai abin da duk ba ku faɗa ba, kuma shi ya sa layin nan ya tsaya mini a rai. Kawu yana magana ne daga ƙasar da kayan zai ci gaba da zama cikin irin iskar da ya saba. Wannan kuwa Kaduna za a kawo shi. Masu ƙera irin waɗannan kaya suna haɗa su ne a ɗakin da danshin iska yake wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Mu kuwa a tsakiyar hunturu yana faɗuwa ƙasa da 20. Kun ga yadda ƙofar katako take sakin jiki a Janairu, ta kumbura ta ƙi rufuwa a Agusta. Haka fuskar mandolin take yi, sai dai ita an ɗaure gefunanta da gam, ba ta da wurin gudu, in ta tsuke sai ta yage. Kuma daga inda ta riga ta yi rauni take farawa. Duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu nake samun aikin tsagaggun jita fiye da sauran watanni. Saboda haka layin da zai shekara 20 a Amurka bai motsa ba, a nan hunturu ɗaya ya ishe shi.

Kawu Na Ohayo: Baba, mu ma nan lokacin sanyi hita tana busar da ɗaki sosai, shi ya sa kowa yake ajiye abin danshi a akwati. Amma na yarda namu na cikin ɗaki ne, naku gari ne gaba ɗaya. Ɗana, ka tambaye shi jihar da kayan ya zauna. Wanda ya rayu a busasshen wuri irin Arizona ya riga ya sha wuya ya saba, wanda ya fito daga Fulorida kuwa zai ji a jikinsa. Ka kuma tambaye shi ko bakin firet yana kartar hannu a gefen wuya, alamar katako ya taɓa bushewa ya tsuke ke nan. Sannan abu ɗaya da hoto ba ya ɗauka ko kaɗan: wari. In gidan masu shan taba ne, akwatin ba ya rabuwa da shi.

Maman Iman: Kuma duk tambayar da za ka yi, ka yi ta a rubuce a cikin shafin, kada ka yarda ya ja ka WhatsApp. Amsarsa ita ce shaidarka. Ko a shari'armu ai mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, amma wanda aka nuna maka ka gani ka amince, ya zama naka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To ka tabbata an rubuta maka cewa rariya ce ko ƙwarya.

Kawu Na Ohayo: Wannan ya kawo mu maganar hanya. In ka bi ta masu tara kaya su turo Najeriya, kafin ya iso hannunka kwanakin mayarwa sun wuce, kuma yawancin shafukan nan kariyarsu tana tsayawa ne a adireshin farko da aka kai kaya. Ka karanta ƙa'idarsu da kyau. Shawarata, a nan al'ada ce tsakanin masu cinikin kayan kiɗa a ba mai saye awa 48 ya duba, in bai gamsu ba ya mayar ya biya kuɗin dako. Ka nemi wannan. In ka yarda da ni, a kawo gidana in duba maka, matata za ta zo gida a Disamba ta riƙo maka a hannu.

Ɗan Kabala: Kawu, wallahi ban san da bakin da zan gode ba. Allah ya saka da alheri.

Shugaban Gida: Madalla da zumunci. Amma adireshi da lambar waya a tura ta saƙon sirri, kada a sa a nan.

Ɗan Kabala: Jama'a, na dawo bayan kwana biyu. Mutumin ya amsa, kuma bai yi ƙyuya ba, hoto 11 ya turo da sabon bidiyo. Mahaɗar wuya lafiya, ba ko gashi. Jaki yana tsaka-tsaki, tazara a firet na 12 ba ta kai milimita biyu ba. Ya bi tsirkiya duka yadda Oga Mai Gurmi ya ce, ban ji ziza ba. A ɗaki mai duhu haske bai fito ba. Amma hoton madubi ya nuna wasu 'yan ƙananan katako guda biyu kamar ƙwayar kankana, an manna su ta ciki daidai kan layin. Ya ce wallahi shi ma yau ya fara ganinsu, a hannun wani ya saya shekara shida da suka wuce, kuma layin yana nan yadda yake tun ranar.

Baba Kafinta: To ka ji. Tsagewa ce, an kuma ɗinke ta. Waɗannan 'yan katakon faci ne, ana manna su jijiyarsu a gicciye da ta fuskar don su hana bakin tsagar buɗewa. Wanda ya yi wannan ya san aiki, ɗan koyo gam yake ɗurawa ta waje ya shafe. Ka duba mini abu biyu a hoton: layin ya kai ƙarƙashin ƙafar jaki? Ya taɓa doguwar sandar da ke manne a cikin fuskar?

Ɗan Kabala: A'a Baba, yana can wajen gefe, tsakaninsa da ƙafar jaki ya fi yatsa biyu, kuma sandar tana ta ɗaya ɓangaren ramin.

Baba Kafinta: In haka ne ni zan saya. Tsagar da aka ɗinke da kyau, a wurin da ba ya ɗaukar nauyi, ta kuma shekara shida ba ta motsa ba, ta fi mini layin da ban san ko mene ne ba.

Maman Iman: Ni kuwa Baba, da ni ce da na ja baya. Ya rubuta tabon fenti ne kawai, ga shi ba haka ba ne. Ko ƙarya ya yi ko bai san kayansa ba, duka biyun ba abin yabo ba ne. Me kuma ya rage da bai sani ba?

Kawu Na Ohayo: Hajiya, maƙaryaci ba ya zura madubi ya ɗauko abin da zai karya masa farashi ya turo. Da ya so, sai ya ce ba shi da madubi, wa zai kama shi? Mutane nawa ne suka taɓa leƙa cikin kayan kiɗansu?

Maman Iman: Na ji, ban dai gamsu ba. In dai sai an saya, to 520 ta mutu. Wancan farashin na mai tabon fenti ne. Yanzu kaya ne mai gyara, kuma duk ranar da ƙanena zai sayar, shi ma dole ya faɗa. Ka taya 400, kada ka nuna masa ranka ya biya, kuma ka sa ya gyara bayanin da ke shafin ya rubuta tsagar da hannunsa kafin ka biya.

Mai Gurmi: Da Hajiya ce take saye mini fata, da yanzu na gina gida.

Ɗan Kabala: Na taya 400, ya ce 470, mun tsaya a 445, da sharaɗin kwana uku a hannun Kawu. Ya gyara bayanin kamar yadda Anti ta ce, na kuma ɗauki hoton shafin na ajiye.

Kawu Na Ohayo: Ka ce masa ya ɗan sassauta tsirkiya, ya naɗe jaki da tsumma, ya cusa takarda a kewayen kan yadda ba zai yi motsi a akwati ba. Kuma kada ka dame ni da waya ranar da ya iso. Sanyi ya fara a nan, sai kwalin ya kwana a ɗaki kafin in buɗe, domin fitar da kaya mai sanyi cikin ɗumi farat ɗaya shi ne yake dasa wa banish irin fason da Baba ya kwatanta da ƙasan tabki. Kada mu saya da layi ɗaya mu mayar da shi ɗari.

Baba Kafinta: Kuma Disamba zai sauka, tsakiyar hunturu, lokaci mafi muni. Tun yanzu ka nemi robar sabulu mai murfi, ka huda ta da ƙusa wuri goma, ka sa soso a ciki, ka jiƙa ka matse har ya daina ɗiga, ka ajiye a akwatin wajen kan. Duk kwana biyu ka duba. In ba kaɗawa kake ba, akwati a rufe, kada ka rataye shi a bango don abokai su gani. Kada ka shafa maganin sauro a hannu ka ɗauke shi, akwai irin da yake narkar da banish. Turaren fesawa ma haka, ka bar shi ya bushe a riga tukuna. Ka auna layin da rula ranar da ya iso ka rubuta a takarda, ka sake aunawa ƙarshen Janairu. In ya ƙaru ko da milimita ɗaya ne, ka sassauta tsirkiya ka hau motar Jos.

Ɗan Kabala: In sha Allahu Baba. Soson wanka ko na wanke-wanke?

Baba Kafinta: Na wanke-wanke, sabo, wanda bai taɓa ganin sabulu ba.